DASHEN ƘWAYOYIN HALITTA DON MAGANIN CIWON SUKARI: MATSALAR ISKAR OKSIJIN DA DABARUN WARWARE TA

GABATARWA

Manufar wannan darasi ita ce a wayar da kan jama'a game da wani sabon fanni na aikin likita wanda masana a ƙasashe dabam-dabam suka duƙufa a kansa, watau dasa ƙwayoyin halitta masu rai a cikin jikin majiyyaci domin su riƙa sarrafa masa maganin da yake bukata daga ciki, maimakon ya dogara ga allura har iyakar rayuwarsa. Za mu fi mai da hankali ga ciwon sukari iri na farko, domin a kansa ne aka fi zurfafa bincike. Sa'an nan za mu bayyana babbar matsalar da ta daɗe tana hana ruwa gudu, wadda ita ce ƙarancin iskar oksijin, da kuma dabarun da aka ƙago na gina wa ƙwayoyin nan mazauni wanda zai riƙa ba su iskar. Ana roƙon mai karatu ya bi sassan ɗaya bayan ɗaya, domin kowane sashe a kan na gabansa aka gina shi.

1. CIWON SUKARI DA AIKIN INSULIN

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya iya ganinsu sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana bukatar abinci da iska. Abincinta shi ne sukarin da jiki ke tacewa daga tuwo da shinkafa da doya da sauransu, iskarta kuwa ita ce oksijin da muke shaƙa, wadda jini ke ɗauka daga huhu ya raba wa ko'ina. Amma sukari ba ya iya shiga yawancin ƙwayoyin tsoka da na kitse yadda ya kamata sai da taimakon wani sinadari da ake kira insulin.

Ana sarrafa insulin ne a wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas. A cikin wannan gaɓa akwai waɗansu 'yan tarin ƙwayoyi a warwatse kamar tsibirai a cikin tafki. Wani ɗalibin likita Bajamushe mai suna Paul Langerhans ne ya fara bayyana su a Berlin a shekarar 1869, shi ya sa har yau ake ce da su tsibiran Langerhans. Yawansu a jikin baligi ya kai miliyan ɗaya ko fiye, amma duk da haka ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyin gaɓar ba. A cikin kowane tsibiri akwai ƙwayoyin da ake kira beta, waɗanda su ne ke auna yawan sukari a cikin jini dare da rana, su saki insulin daidai gwargwadon bukata.

A ciwon sukari iri na farko, sojojin garkuwar jiki ne da kansu suke kuskure su auka wa ƙwayoyin beta su hallaka su. Ciwon ya fi kama yara da matasa, ko da yake yakan kama manya. Kafin shekarar 1921 duk wanda ya kamu da shi ba ya daɗewa. A wannan shekara ne Frederick Banting da Charles Best suka tace insulin a Jami'ar Toronto da ke Kanada, kuma a watan Janairu na 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa, ya farfaɗo. Tun daga nan allurar insulin ta ceci rayukan miliyoyin mutane. An ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum kimanin miliyan 8.4 ne ke ɗauke da wannan iri na ciwon a duniya.

Sai dai allura, komai ƙwarewar mai yin ta, ba ta kai ƙwayoyin beta iya awo ba. In insulin ya yi yawa sukari yakan faɗi ƙasa har mutum ya suma. In ya yi kaɗan kuma, sukari ya hau, da tafiya ta yi nisa sai ya lalata idanu da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Wannan ne ya sa masana suka yi tunanin cewa mafita ta ainihi ita ce a mayar wa majiyyaci da ƙwayoyin da ya rasa.

2. ASALIN DASHEN TSIBIRAI

A shekarar 1972, Paul Lacy da abokin aikinsa a birnin St. Louis na Amurka suka nuna cewa dashen tsibirai yana sauƙaƙa ciwon sukari a jikin ɓeraye. An ɗauki shekaru da yawa kafin a samu irin wannan nasara ga mutane. Sai a shekarar 2000 ne ayarin likitoci a ƙarƙashin James Shapiro na Jami'ar Alberta da ke Edmonton a Kanada suka ba da rahoton majiyyata 7 waɗanda aka yi wa dashe, dukansu suka daina allura. Yadda ake yi shi ne, a ciro tsibirai daga fankiriyas na mamacin da ya ba da izinin amfani da gaɓoɓinsa, a tsabtace su, a ɗura su ta babbar jijiyar da ke kai jini hanta, su zauna a can. Mutum ɗaya yakan bukaci tsibirai sama da 10,000 a kan kowane kilo na nauyinsa, abin da yakan sa a haɗa na mamata biyu ko fiye.

Wannan hanya tana da cikas iri uku. Na farko, masu ba da gaɓoɓi ba su da yawa. Na biyu, tilas majiyyaci ya riƙa shan magungunan danne garkuwar jiki muddin dashen yana nan, kuma magungunan nan suna buɗe ƙofa ga cututtuka, suna kuma iya taɓa ƙoda. Na uku, kaso mai yawa na tsibiran yakan mutu a kwanakin farko. Da aka bi sawun majiyyatan Edmonton, rahoton shekarar 2005 ya nuna cewa bayan shekara 5 kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai suka ci gaba da zama ba allura, ko da yake da yawa daga cikin sauran dashen ya ci gaba da yi musu ɗan aiki yana kare su daga mummunar faɗuwar sukari.

3. DABARAR KWANSO

Domin a kauce wa magungunan danne garkuwa, masana suka yi tunanin a lulluɓe ƙwayoyin da wani tantani mai ƙananan ƙofofi. Ƙofofin za su isa sukari ya shiga, insulin ya fito, amma sun yi wa sojojin garkuwar jiki ƙanƙanta, ba za su iya kutsawa ba. A shekarar 1980, Franklin Lim da Anthony Sun suka sa tsibirai a cikin 'yan mitsi-mitsin kwanso da aka yi da aljinet, watau wani abu mai yauƙi da ake samu daga ciyawar teku, suka dasa wa ɓeraye, sukarinsu ya daidaita na tsawon mako biyu zuwa uku. Daga baya aka ƙera manyan kwanso masu kama da jaka ko faifai, waɗanda za a iya sa wa a ƙarƙashin fata, a kuma ciro su gaba ɗaya in bukata ta taso.

Ana iya kwatanta wannan dabara da birni mai ganuwa. Ganuwa tana tsare mutanen gari daga mahara, amma in an rufe ƙofofi kaf, ta hana mahara shiga ta kuma hana masu kawo hatsi da ruwa. Tantanin da ya tare sojojin garkuwa, shi ne kuma yake tare jijiyoyin jini, ba za su iya ratsawa su kai ga ƙwayoyin ba. To, a nan ne matsalar iska ta kunno kai.

4. DALILIN DA YA SA ƘWAYOYIN KE SHAƘEWA

Wannan sashe shi ne ginshiƙin darasin, saboda haka ya kamata a karanta shi a tsanake.

Da farko, ƙwayoyin beta suna daga cikin masu yawan cin oksijin a jiki. Dalili kuwa shi ne, ta hanyar ƙona sukari da oksijin suke gane yawan sukarin da ke cikin jini. In sukari ya ƙaru, ƙonawar ta ƙaru, ƙarfin da aka samu daga ƙonawar shi ne ke buɗe hanyar fitar insulin. Saboda haka in oksijin ya ragu, ƙwayar takan daina sakin insulin tun kafin ta mutu. Ana iya samun dashe yana da rai amma ba ya tsinana wa majiyyaci komai.

Na biyu, a mazauninsu na asali tsibiran nan 'yan gata ne. Kowane tsibiri saƙe yake da ƙananan jijiyoyin jini, har kusan kowace ƙwaya tana jingine da jijiya, kuma rabon jinin da suke samu ya ninka girmansu sau da yawa. Idan aka ciro su don dashe, duk jijiyoyin nan an tsinka su. Manomi ya san cewa dashen tumatir ko barkono yakan yi yaushi a kwanakin farko kafin saiwa ta kama ƙasa, kuma in ba a yi masa ban ruwa a wannan lokaci ba, ya tafi ke nan. Haka tsibirai suke. Ko da ba a sa su cikin kwanso ba, sai an yi mako ɗaya zuwa biyu kafin sababbin jijiyoyi su tsiro su same su. In kuwa cikin kwanso suke, jijiyoyin sai dai su tsaya a bakin tantani har abada.

Na uku, oksijin ba ya narkewa sosai a cikin ruwa, kuma ba ya tafiya da nisa a cikin nama in ba jini ne ya ɗauke shi ba. Iyakar nisan da yake iya ratsawa da kansa bai wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin goma na milimita ba, watau kimanin kaurin silin gashi biyu ko uku. Matsakaicin tsibiri shi kansa faɗinsa ya kusa haka. Ƙwayoyin da ke gefe su ne ke fara cin iskar da ta iso, na tsakiya kuwa sai su rasa, tsakiyar tsibirin ta mutu.

Na huɗu, wurin da ya fi sauƙin sa kwanso, watau ƙarƙashin fata, wuri ne mai ƙarancin jini da iska. Daɗin daɗawa, jiki yakan ɗauki duk baƙon abu a matsayin abokin gaba, ya kewaye shi da nama mai tauri irin na tabo, wannan kuwa ya ƙara nisa tsakanin jini da ƙwayoyin.

Idan aka haɗa waɗannan dalilai, za a ga cewa masu ƙera kwanso suna cikin tsaka mai wuya. In suka cusa tsibirai dubu ɗari biyar ko fiye a ƙaramin wuri, za su shaƙe. In suka baza su sarari-sarari yadda kowanne zai samu iska, kwanson zai yi faɗin da ba za a iya sa shi a jikin mutum cikin sauƙi ba. Mafita ita ce a haƙa wa birnin rijiya a cikin ganuwa, watau a samar da oksijin daga cikin mazaunin kansa.

5. MAZAUNI MAI BA DA OKSIJIN

Abin da muke kira mazauni a nan shi ne wani ɗan gini da ake yi da roba ta musamman ko wani abu da jiki ke iya jurewa, mai ramuka da yawa kamar soso ko saƙar zuma. Aikinsa shi ne ya riƙe ƙwayoyin a wuri ɗaya, ya raba su don kada su dunƙule, ya kuma ba su iska. Ga manyan hanyoyin da aka gwada:

(a) Ɗura iska daga waje. Wani kamfani na ƙasar Isra'ila mai suna Beta-O2 ya ƙera wani faifai mai faɗin kimanin santimita 7, mai ɗakin iska a tsakiya da tsibirai a gefensa. Ana haɗa ɗakin da 'yan bututu zuwa wata mashiga a ƙarƙashin fata, kullum sai a soka allura a ɗura sabuwar iska. A shekarar 2013 likitocin birnin Dresden na Jamus suka ba da rahoton wani majiyyaci da tsibiransa suka rayu wata 10 a cikin wannan faifai ba tare da maganin danne garkuwa ba. A shekarar 2018 kuma aka buga sakamakon gwaji a kan mutum 4 a Uppsala ta ƙasar Suwidin. Ƙwayoyin sun rayu watanni, amma insulin da ya kai ga jini bai taka kara ya karya ba, majiyyatan ba su rage allura ba. Darasin da aka koya shi ne, iska tana raya ƙwayoyi, amma dole ne kuma tantanin ya bar sukari da insulin su yi shige da fice da sauri.

(b) Garin sinadari mai sakin iska. Akwai waɗansu sinadarai da ke sakin oksijin in ruwa ya taɓa su, kamar kalsiyam feroksaid. Matsalarsa ita ce, in aka bar shi haka nan, sai ya saki iskar gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, ya kuma haifar da haidirojin feroksaid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi, wanda guba ne ga ƙwayoyi. A shekarar 2012 ayarin Cherie Stabler a Jami'ar Miami ta Amurka suka cuɗa garin a cikin robar silikon, wadda ba ta barin ruwa ya shiga sai kaɗan-kaɗan, suka samu iskar tana fita a hankali fiye da mako 6. Wannan hanya ta dace da tsallakar da dashe daga kwanakin farko masu haɗari kafin jijiyoyi su iso. Amma garin yana ƙarewa, saboda haka ba ta isa ga kwanson da ke rufe shekara da shekaru ba.

(c) Mayar da iskar da aka fitar. Kowace ƙwaya in ta ci oksijin, takan fitar da iskar kabon-dayoksaid. A shekarar 2021 ayarin Minglin Ma na Jami'ar Cornell a Amurka suka yi amfani da litiyam feroksaid, wanda ke haɗiye kabon-dayoksaid ya saki oksijin. Sun raba sinadarin da ƙwayoyin ta yadda iska ce kaɗai ke ratsawa tsakaninsu. Hikimar da ke ciki ita ce, gwargwadon aikin ƙwayoyin gwargwadon iskar da za a mayar musu. An gwada shi a jikin ɓeraye, ya daidaita musu sukari na watanni. Shi ma sinadarin yana ƙarewa, sai an sake cikawa.

(d) Koyi da ƙwari. Fara da kyankyaso da sauran ƙwari ba jininsu ne ke kai musu oksijin ba. Suna da ƙananan ƙofofi a gefen jiki, da bututu masu rassa cike da iska waɗanda ke kaiwa har cikin nama. Oksijin kuwa yana ratsa iska da saurin da ya ninka na cikin ruwa kimanin sau 10,000. Masanan Cornell ɗin nan, a wannan shekara ta 2021, suka ƙera mazauni da roba mai ƙin ruwa, cike da hanyoyin iska masu haɗe da juna, suna koyi da tsutsar wani buzuzu. Wannan mazauni ba ya ƙirƙirar oksijin, amma yana ɗauko wanda ke gefe ya kai shi tsakiya nan da nan. Ɓerayen da aka dasa wa shi sun zauna da daidaitaccen sukari sama da wata 6.

(e) Masu ɗaukar iska. Waɗansu masana suna cuɗa mazauni da abin da ke iya riƙe oksijin mai yawa. Wani misali mai ban sha'awa shi ne jan sinadarin jinin wata tsutsa da ke zaune cikin rairayin gaɓar tekun Faransa. Kowane ƙwaya ɗaya na sinadarin yana ɗaukar oksijin 156, alhali na ɗan Adam 4 yake ɗauka. An fara amfani da shi wajen adana ƙodar da za a yi dashe da ita, an kuma gwada shi tare da tsibirai. Irin waɗannan abubuwa ma'aji ne kawai, abin da aka zuba musu shi suke bayarwa.

(f) Raba ruwa da lantarki. Ruwa haɗin haidirojin ne da oksijin, kuma ɗan ƙaramin lantarki yana iya raba su. Da yake jiki cike yake da ruwa, wannan rijiya ce da ba ta ƙafewa. A shekarar 2023 ayarin Daniel Anderson a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wadda aka fi sani da MIT, suka bayyana wata 'yar na'ura mai girman kwabo. A cikinta akwai tantanin da ke raba tururin ruwan jiki, haidirojin ya fice, oksijin ya taru a ɗan ɗaki yana ciyar da tsibirai. Ba ta da batir ko waya. Lantarkin da take bukata bai wuce bolt 2 ba, kuma ana aika mata shi ne ta cikin fata daga wani zobe na waya da ke waje. Ɓerayen da aka sa wa ita sun yi wata ɗaya da daidaitaccen sukari, waɗanda aka sa wa irinta marar ba da iska kuwa sukarinsu ya hau cikin kimanin mako biyu. A wannan shekara kuma masanan jami'o'in Northwestern da Carnegie Mellon suka bayyana wata na'ura mai irin wannan aiki, wadda ke amfani da sinadarin ƙarfen iridiyam.

6. MATSALOLIN DA SUKA RAGE

Kada mai karatu ya ɗauka an gama. Yawancin nasarorin da aka ambata a jikin ɓeraye aka same su, kuma mutum ya ninka ɓera nauyi sau dubbai, tsibiran da yake bukata sun ninka haka. Abin da ya yi aiki wata ɗaya a ɓera, ana bukatar ya yi shekaru a jikin mutum.

Har ila yau, oksijin in ya yi yawa shi ma illa ne, domin yana haifar da sinadarai masu ƙona ƙwayoyi, kuma ƙwayoyin beta ba su da kariya mai ƙarfi daga irin wannan ƙuna. Saboda haka tilas a auna shi daidai. Ga kuma batun tabon da ke kewaye baƙon abu, da haɗarin ƙwayoyin cuta su bi ta mashigar allura, da bukatar a tabbata cewa in na'ura ta tsaya ko ta fashe ba za ta cuci majiyyaci ba. Sa'an nan akwai batun tsada, wanda shi ne zai nuna ko talaka zai amfana.

7. INDA AKA KWANA

Bincike yana tafiya ta fuskoki da yawa a lokaci ɗaya. A watan Yuni na 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Lantidra, watau tsibiran mamata, ga manya masu yawan fama da mummunar faɗuwar sukari. Ta fuskar ƙarancin masu bayarwa kuwa, masana sun koyi sarrafa ƙwayoyin beta a ɗakin gwaje-gwaje daga ƙwayoyin asali. A shekarar 2025 aka buga sakamakon gwajin kamfanin Vertex, inda mutum 10 daga cikin 12 suka daina allura bayan shekara ɗaya, sai dai duk suna shan maganin danne garkuwa. A farkon wannan shekara kamfanin ya dakatar da gwajin irin waɗannan ƙwayoyi a cikin kwanso, domin insulin da suka bayar bai isa ba. A Uppsala kuma, a 2025, an ba da rahoton mutum ɗaya da aka dasa wa tsibiran da aka gyara halittarsu don su ɓuya daga garkuwar jiki, suka rayu a tsokar hannunsa ba tare da maganin dannewa ba.

Amfanin mazauni mai ba da iska bai tsaya ga ciwon sukari ba. Masanan MIT sun nuna cewa na'urarsu tana raya ƙwayoyin da ke sarrafa sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, wanda masu ciwon ƙoda ke rasawa. A watan Maris na 2025 kuma Amurka ta amince da Encelto, wani ɗan kwanso mai ƙwayoyi masu rai da ake sa wa cikin ido domin rage saurin wata cutar gani. Wannan ya nuna cewa dashen ƙwayoyi a cikin kwanso abu ne mai yiwuwa.

8. ABIN DA YA SHAFI JAMA'ARMU

Ya zuwa ƙarshen shekarar 2025 babu wani mazauni mai ba da oksijin da aka amince a yi wa masu ciwon sukari magani da shi a asibiti, a nan gida ko a waje. Duk suna matakin gwaji. Saboda haka a lura da waɗannan abubuwa:

Na ɗaya, duk wanda ya ce yana da dashe ko allurar ƙwayoyin asali ko wani haɗi da ke warkar da ciwon sukari iri na farko, ya kuma nemi kuɗi, a guje shi, a nemi shawarar likitan asibiti.

Na biyu, mai wannan ciwo kada ya kuskura ya daina allurar insulin ko da na kwana ɗaya ne, ko da kuwa ba ya iya cin abinci, sai da umarnin likita. Dainawa tana iya jawo suma da mutuwa cikin 'yan kwanaki.

Na uku, iyaye su san alamomin ciwon ga yara: ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, komawa fitsarin kwance bayan an daina, rama duk da cin abinci, kasala, da taruwar tururuwa a inda yaro ya yi fitsari. In aka ga haka a garzaya asibiti a auna sukari. Awon ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, kuma yara da yawa a ƙasashenmu suna rasuwa ne saboda an ɗauki ciwon a matsayin zazzaɓi ko wani abu dabam.

Na huɗu, a ajiye insulin a wuri mai sanyi, nesa da rana, kada kuma a bari ya daskare. Inda babu firiji, ana iya rufe kwalbar a cikin abin da ruwa ba ya shiga, a sa ta cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa.

Wanda ya kula da sukarinsa a yau, ya tsare idanunsa da ƙodarsa, shi ne zai kasance cikin shirin amfana da sabon magani ran da ya iso.

TAMBAYOYI DON BITA

1. Mene ne aikin ƙwayoyin beta, kuma me ke faruwa da su a ciwon sukari iri na farko?
2. Kawo cikas uku da ke tattare da dashen tsibirai irin na Edmonton.
3. Me ya sa tantanin da ke kare ƙwayoyi daga garkuwar jiki yake jawo ƙarancin iska?
4. Bayyana bambanci tsakanin mazaunin da ke amfani da garin sinadari da wanda ke raba ruwa da lantarki.
5. Faɗi alamomi huɗu na ciwon sukari ga yaro, da abin da ya kamata iyaye su yi in sun gan su.